Ƙasar da Rana Ke Jinkirin Faɗuwa

Lahadi, da hantsi

Na yanke shawara, kuma ba irin wadda ake kaiwa gaban kowa ba ce: zan tafi Norway a watan Yuni, ni kaɗai.

Shekara talatin da 'yan kai na yi ina koyar da labarin ƙasa a kwalejin 'yan mata a Katsina. Kowace shekara sai na ɗauki alli na zana musu fiyod a allo: teku ya kutsa cikin ƙasa kamar yatsa a malmalar tuwo, duwatsu sun miƙe dama da hagu, ruwa yana zubowa daga kansu. Ina zane ina bayani da muryar wadda ta je ta dawo, alhali babban ruwan da na saba da shi bai wuce dam ɗin Ajiwa ba. A bangon ajin akwai hoton da na yanko daga wata kalanda: ƙauye a bakin irin wannan ruwa, farin gidan wani basarake na dā a tsakiyar lambu, da baƙin coci na katako a kan tudu. Hoton ya koɗe, ya bi ni gida da na yi ritaya, ya biyo ni Doha a cikin akwati. Jiya na sa Fausiya, matar ɗana, ta binciko mini wurin a wayarta. Yana nan! Gidan yana nan, cocin yana nan, kuma ana buɗe su ga baƙi a wannan lokaci na shekara. Gani ya kori ji.

Fausiya ta ce, "Mama, me ya tuno miki da shi yanzu?" Na ce mata ra'ayi. Ba ta da bukatar sanin inda Aruna direba ya kai ni ranar Alhamis.

Lahadi, bayan la'asar

A can, a watan Yuni, rana ba ta faɗuwa sai ta ga dama, kuma ko ta faɗi ba ta yin nisa. Na san dalili, da lemo da fitila nake nuna wa ɗalibai. Haske tun daga safiya har kusan wata safiyar! Sai ka ce saboda ni aka yi ƙasar.

Talata, da azahar

An taɓo ni inda ban zata ba. Wai kafin a ba ni biza sai kafil ɗina ya sa hannu cewa bai hana ba. Kafil a ƙasar nan shi ne wanda zamanka yake rataye a wuyansa. Nawa kuwa ɗana ne na fari, Injiniya, wanda nake zaune a gidansa a Madinat Khalifa tun bayan rasuwar Malam.

Duk wanda ya buɗe littafin nan bayan raina zai lura ban rubuta sunansa ba. Ban taɓa furta shi ba. A gidanmu ba a kiran sunan ɗan fari, ba a yi masa wasa, ba a roƙonsa komai. Ana yaye shi kakarsa ta ɗauke shi. Na yi digiri a Zariya, na yi wani a Ingila, na zauna teburi ɗaya da shehunan malamai, ban ga abin da ke cikin littattafansu da ya fi kunya daraja ba. Yana ƙarami "kai" nake ce masa, da ya girma ya zama "Injiniya". Shi kuma "Hajiya" yake ce mini, kamar kowa. A haka muke, kuma kanmu bai taɓa yin ciwo ba.

Don haka na bi hanyar da aka saba. Na ba Fausiya takardar ta ɗora a kan tiren abincinsa.

Laraba, bayan magariba

Ya shigo falona, ya tsuguna kamar kullum, ya gaishe ni, takardar tana hannunsa.

"Hajiya, na ga saƙo. Norway kuma?"

"Norway."

"Ke da wa?"

"Ni da Allah."

"Ai da kin bari sai baɗi. In jikarki Nafeesa ta dawo hutu daga jami'a, sai mu tafi gaba ɗaya."

"Baɗi sai mai rai. Bana nake so."

Ya ce wurin da nisa, ga sanyi, ga hawa da sauka. Na tuna masa cewa ranar da na hau jirgi zuwa Ingila ni kaɗai, shi yana gidan kakarsa yana kuka a kan ƙosai. Ya yi dariya, ya tashi, ya tafi da takardar. Bai sa hannu ba.

Ban roƙe shi ba. Ba kuma zan roƙe shi ba.

Juma'a, da yamma

Na je Mesaimeer wurin ƙawata Maimunat, wadda ita ma zaman 'yarta take yi. Ina buɗe baki ta dafe ƙirji.

"Malama! Tsofaffi na haɗa guzurin Umara, ke kina haɗa na coci?"

"Umara na yi, kin kuwa sani, tunda ni na riƙa jan ki a ɗawafi kina haki. Ba salla zan je yi musu ba. Gini zan gani."

"Ginin katako? Ki je Sabon Gari mana, shagunan katako sun fi ɗari."

"Wannan ya haura shekara ɗari bakwai a tsaye, cikin ruwa da ƙanƙara. Ke rumfar da kika kafa a Funtuwa damina nawa ta yi?"

Muka yi ta dariya har shayin ya huce. Na ba ta labarin gidan basaraken: ɗakin littattafai, lambun wardi, da murhun ƙarfe a kowane ɗaki. Ta ce in na ga dattijo mai gida irin wannan in karɓo mata lambarsa.

Daga baya ta ce wai tun ɗazu take miƙo mini dabino ban karɓa ba. Ta gefe ta miƙo. Wane ne yake miƙa wa mutum abu ta gefe?

Asabar, da safe

Bai sa hannu ba.

Litinin, da la'asar

Na sayi rigar sanyi! Toka-toka ce, har gwiwa, da hula a jikinta. Na gwada ta a cikin kanti alhali a waje zafi yana narka kwalta, yarinyar kantin tana kallona kamar na zautu. Na sayi takalma masu kama ƙasa da safa mai kauri.

Wajen fita na yi karo da ƙofar gilashi. Laifin masu gogewa ne, sun goge ta fiye da kima, kuma duk gini mai hankali yana manna wata alama a irin wannan ƙofa. Aruna ya taho da gudu. Mutumin Kumasi ne, Hausarsa ba ta raba mace da namiji, na daina gyara masa.

"Hajiya, ka gaya ma Injiniya mana. Wallahi abin nan yana damuna."

"Aruna, tuƙi aka ɗauke ka ko shawara?"

"Tuƙi, Hajiya."

"To yalla, mu tafi."

Na ja ɗankwali na rufe ƙulun da ya fito a goshina. Fausiya ta dube ni ta daɗe, sannan ta ce rigar ta yi kyau.

Alhamis, da azahar

Asibitin nan na Al-Sadd kuma. Hawa na uku, ɗaki mai sanyi, likita mai saurin magana. Ta sa na kifa haɓata a kan na'ura, in danna maɓalli duk lokacin da na ga ɗigon haske ya ƙyafta. Na danna duk wanda na gani, ban bar ko ɗaya ba. Ta ce akwai waɗanda ban danna ba. Da yawa.

Sunan abin ba zan rubuta shi a nan ba, ba ya cikin tsarin tafiyata. Ta ce abin da ya tafi ya tafi, wanda ya rage ake tsaro. Ta ce a yi aikin da wuri, kuma ba ta yi mini alkawarin yadda za a wayi gari bayansa ba. Na ce to sai na dawo daga Norway. Ta ce in guji wurare masu duhu, in kuma zo da wani daga gida a karo na gaba. Na ce mata ni ce wani daga gida.

A mota na rufe ido ina lissafa tsaunukan yammacin Norway daga kudu zuwa arewa. Ban manta ko ɗaya ba.

Juma'a, da asuba

Ɗigon magani a idon dama, ɗigo a na hagu. Yana da yaji. Kwalbar tana cikin gwangwanin turarena.

Asabar, da hantsi

An manna salatif ruwan ɗorawa a bakin kowace matakala ta benen gidan nan. Fausiya ta ce ado ne, wai haka ake yayi yanzu. Ƙaramin teburin da ke kan hanyar kicin ya koma lungu. An sauya ƙwayayen fitilar falona da masu haske kamar na filin ƙwallo. Ban tambaya ba, ba a kuma yi mini bayani ba.

Na wuni da gilashin ƙara girman rubutu ina karanta tarihin gidan basaraken. Wani attajiri ne ya gina shi lokacin da ya auri 'yar masu ƙasar, ya kawo magina daga ƙetare. An ce gadajen ciki gajeru ne domin mutanen dā a kishingiɗe suke barci. Sai na gani da idona. Da idona.

Bai sa hannu ba.

Talata, bayan magariba

Ya sa hannu! Takardar ta dawo a kan tiren abincina, ta hanyar da ta tafi.

Sai dai ya biyo bayanta. Ya tsuguna yana kallon kafet.

"Hajiya, abin mamaki, wurin aiki za su tura ni taron injiniyoyin gas a Bergen, can Norway."

"Yaushe?"

"A makon da za ki tafi."

"Ikon Allah. A jirgin da zan hau kuma?"

"Shi kaɗai ne ya rage da kujera."

Na haifi maƙaryaci marar gwaninta. Tun yana yaro in zai yi ƙarya sai ya sosa kunne, yau har kunnen ya yi ja. Na gindaya masa sharuɗɗa: jakata a hannuna, taronsa daban, yawona daban, kuma duk inda na ce zan shiga ni kaɗai, ni kaɗai zan shiga. Ya ce, "To, Hajiya."

Me ya sani? Wa ya gaya masa? Aruna ya rantse ba shi ba ne. Ba zan tambaya ba, domin mai tambaya shi ma tambayarsa ake yi.

Lahadi, da safe

Biza ta fito! Na ɗaga fasfo sama a tsakar falo kamar ɗalibar da ta zo ta ɗaya. Fausiya ta rangaɗa guɗa, ni ma ban hana ta ba.

Laraba, da yamma

Shiri. Fausiya ta daka mini yaji, ta ce an gaya mata abincin can kamar an wanke shi. Limamin masallacin unguwarmu ya aiko da amsa cewa in bi lokutan sallar masallacin da ya fi kusa da inda nake. Na sa hoton kalandar a cikin jakar hannu, kusa da gwangwanin turare. Maimunat ta bugo waya ta ce kada in manta da lambar dattijo.

Asabar, a kan ruwa, da hantsi

Ina rubutu jirgin ruwa yana girgiza ni, rubutun zai yi muni, bai dame ni ba. Ya Rabbi! Ya Rabbi! Ashe ƙarya na yi ta zana wa 'ya'yan mutane! Duwatsun ba tsayawa suke yi a gefen ruwa ba, faɗowa suke yi a cikinsa a tsaye. Ruwan kore ne mai duhu, shiru kamar man shanu a ƙwarya. Daga can ƙololuwa, inda dusar ƙanƙara ta ƙi narkewa, farin ruwa yana saukowa siriri kamar an warware rawani. Na tsaya a waje cikin iska har hancina ya daina jin komai. Sai na riƙa juya kaina gaba ɗaya, sannu a hankali, daga wannan dutse zuwa wancan, ina ɗauka yanki-yanki. Ba laifi. Wanda ya ci tuwo loma-loma ai ya ci tuwo.

Taron Injiniya, wai, an ɗage shi. Yana tsaye a bayana da tazarar da ta dace, yana kallon wayarsa a duk lokacin da na waiwaya.

Lahadi, da la'asar

Gidan basaraken! Ya fi na kalanda ƙanƙanta, ya kuma fi shi kyau. Ana shiga ta wata ƙofa mai kamar zaure, a faɗa tsakar gida da aka shimfiɗe da duwatsu, ɗakuna sun kewaye shi. Ashe su ma sun san tsakar gida. Aka ba mu wasu manyan silifas na ulu mu ɗora a kan takalmanmu don kada mu cuci daɓen katako. Injiniya ya yi ta jan ƙafa a cikinsu kamar agwagwa, na yi kamar ban gani ba.

Tagogi manya-manya, haske ko'ina, na ga komai. Na ga gadajen, gajeru ne da gaske, ni kaina sai na naɗe ƙafa. Na ga murhun ƙarfe mai hawa-hawa da aka zana wa dawaki, da tukwanen tagulla jere a kicin kamar kayan jeren amarya, da hotunan masu gidan, kowa ya ɗaure fuska sai ka ce an ci bashinsa. Yarinyar da ke zagayawa da mu ta yi kuskuren cewa ruwa ne ya haƙa fiyod. Na gyara mata cikin ladabi cewa ƙanƙara ce. Ta gode mini a gaban kowa. Har yanzu da sauran alli a hannuna.

A lambu na zauna tsakanin furannin wardi, dutse a gabana, tumaki masu ƙararrawa a wuya suna kiwo a bayan katanga. Na fito da hoton kalandar na gwada. Itacen da ke gefen ƙofa ya ninka tsayinsa. Ni da shi duka mun tsufa, shi dai sama ya yi.

Kifinsu da yajin Fausiya ya ci sunansa abinci. Har na yi shirin kwanciya ban kunna fitila ba. Ban yi karo da komai ba tun da na zo ƙasar nan.

Gobe baƙin coci.

Litinin, da yamma

Zan rubuta shi a tsare, yadda ya faru.

Mun hau tudun da hantsi, ta tsakanin gonakin tuffa. Ga shi nan a tsakiyar kaburbura, baƙi wuluk, rufi a kan rufi kamar an jera malafa, ƙamshin hayaƙi yana tashi daga jikinsa. Mai riƙe da makulli wata tsohuwa ce, sa'ata ko ta ɗan girme ni. Ta ce baƙin wani ƙaro ne da ake tatsa daga itace, kuma duk bayan 'yan shekaru sai an taru an sake shafe ginin da shi, in ba haka ba da tuni ruwa ya cinye shi. Na ce mata haka muke yi wa soro da makuba kafin damina. Muka fahimci juna nan take.

Na ce wa Injiniya ya jira ni a bakin katanga. Ya buɗe baki, na dube shi, ya rufe.

A bakin ƙofa na tuɓe takalmana. Tsohuwar ta ce ba sai na cire ba, ƙasan da sanyi. Na ce mata ɗakin ibada ne, ko da ba nawa ba, kuma ba a koya mini shiga irinsa da takalmi ba. Ƙofar ƙunci gare ta, dokin ƙofar kuma ya kusa kai gwiwa. Na tsallaka. Wasu baƙi suka kira ta daga waje, ta ce tana zuwa, iska ta turo ƙofar ta rufe.

Babu taga. Ashe babu taga. Wasu 'yan ramuka ne can sama kusa da rufi, kuma abin da suke shigowa da shi bai kai gare ni ba. Duk karatun da na yi a kan ginin nan, ban tsaya a kan wannan ba.

Na ce bari in jira idona ya saba. Na jira. Sanyin daɓen ya ratsa safa ya kama ƙasusuwana. Na jira. Babu abin da ya zo. Na miƙa hannu na taka, na juya, na sake juyawa, kafaɗata ta bugi ginshiƙi, daga nan kuma ban san inda ƙofa take ba. Ina tsaye a tsakiyar abin da na yi shekaru ina kallo a bango, na ƙetare rabin duniya dominsa, kuma da shi da cikin rijiya duk ɗaya ne a wurina.

Ina iya ɗaga murya in kira tsohuwar da Turancina mai kyau. Za ta kama hannuna ta fitar da ni, in gode mata, in koma Doha in ce wa Maimunat ya yi kyau ƙwarai. Wa zai ƙaryata ni?

Sai na ji ƙamshin turaren udu a cikin ƙamshin hayaƙin. Na san kwalbar, Fausiya ce take saya masa. Ban ji shigowarsa ba, domin shi ma ya tuɓe nasa takalman. Yana kusa, ina jin numfashinsa. Yana ganina sarai ina lalube, ni kuma ba na ganinsa. Bai yi magana ba. Ya yi alkawarin tsayawa a waje, kuma in ya ce uffan, ya nuna ya sani ke nan. Ya bar mini zaɓi, in ga dama in yi kamar ban ji ƙamshin ba. Tarbiyyar kakarsa ce, Allah Ya jiƙanta.



Na ce, "Kamil."

Bakina bai san yadda ake faɗinsa ba. Sannan ya ce, "Na'am," da wata murya da ban san shi da ita ba.

"Ba na gani."

"Na sani, Hajiya."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da kika gaishe da labulen falo kika ce masa Fausiya."

Na ce masa ba labule ba ne, inuwa ce, kuma ba wannan ya kawo mu ba. Ya kamo hannuna ya ɗora a kan damtsensa. Rabona da taɓa shi tun yana zanin goyo. Ashe ƙato ne.

Tsohuwar ta dawo, ta dube mu. Ta buɗe ƙofar har bango, ta ciro wata babbar tocila daga aljihunta ta miƙa masa. Ya haska, da'irar hasken ta faɗa daidai cikin ɗan abin da ya rage mini.

Na gani! Na ga ginshiƙai, kowane guda itace ɗaya ne tun daga ƙasa har sama, a kan kowanne an sassaƙa fuskar mutum, wani yana murmushi wani ya turo baki. Na ga rufin daga ciki kamar an kifa kwalekwale. Na ga bakan da suka haɗe ginshiƙan, 'yan uwan ɗaurin gugan sorayenmu. Na ga furanni ja da shuɗi da aka zana a bango, sun koɗe kamar hotona. Tsohuwar ta bar ni na shafa sassaƙar jikin ƙofa, macizai da rassa sun sarƙe da juna, yatsuna suka bi su har ƙarshe.

"Sama kaɗan. Ba can ba, hagu. Kai, wa ya koya maka riƙon fitila?"

"Ba a koya mini ba, Hajiya, gas na karanta."

"Tsaya a nan. Kada ka motsa."

Bai motsa ba, sai dai hasken yana ɗan rawa. Na ce masa sanyi ne, ya ce e, sanyi ne.

Da muka fito ya tsuguna ya juyo mini takalmana, ya ajiye su daidai ƙafata. Na bar shi.

Talata, da safe

Rana tana nan inda na bar ta.

Laraba, Madinat Khalifa, da la'asar

Mun dawo cikin zafi kamar an buɗe tanda. Na kai wa Maimunat cukwi mai zaƙi, na ce mata dattijon ya rasu shekara ɗari uku da suka wuce, ta yi haƙuri. Hoton kalandar na bar wa tsohuwa mai makulli, ba ni da sauran bukatarsa.

Gobe Al-Sadd. Na ce wa Aruna ya huta, akwai mai kai ni. Kwalbar maganin ta fito daga gwangwani, tana kan teburi inda kowa zai gan ta. Ina jin tsoro, kuma wannan ma sau ɗaya zan rubuta shi.

Fausiya ta same ni ɗazu tana rufe baki da mayafi. "Mama, me kika yi wa Baban Nafeesa a Norway? Tun da ya dawo yake murmushi shi kaɗai." Na ce mata iskar can ce.

Sunan na faɗe shi sau ɗaya, na rubuta shi sau ɗaya, ya isa. Kunya ba ta ƙare ba don an je Turai. Sai dai yau da zai wuce ta ƙofar falona na ce "Injiniya", na sake cewa "Injiniya", ya tsaya yana gyara agogo kamar bai ji ba. Yana jira in sake kiran sunan.

Mutum da furfura a gemu, yanzu zai fara shagwaɓa.